Kafin a Ƙara Haraji, a Zo a Ƙirga Rasiɗan da Ke Jikin Ƙusa

A shagon telan da ke yi mini ɗinki akwai wata doguwar ƙusa a jikin bango, dab da inda yake rataye almakashi da tef ɗin awo. Takardu ne cike a jikinta. Duk wanda ya zo ya karɓi kuɗi da sunan hukuma ya yanka masa rasiɗi, sai ya soke rasiɗin a nan. Rannan na je karɓar kayana, na tarar babu wuta, ya aiki yaronsa da galan ya sayo fetur don a tayar da janareto a ƙarasa aikin wuyan riga. Muna zaune muna jira sai rediyo ta ɗauko labarin kasafin kuɗi, ana ta yabon ƙudurin gwamnati na bunƙasa kuɗin shiga na cikin gida. Bai ce uffan ba. Ya miƙe ya zare takardun nan, ya baje su a kan teburin yanka, ya ce mu ƙirga tare.

Akwai na lasisin shago. Akwai na rajistar wurin sana'a. Akwai na ɗan allon da ya rubuta sunan shagonsa ya kafa a saman ƙofa. Akwai na shara, akwai na 'yan sintirin unguwa, akwai na ƙungiya. Wasu an buga musu hatimi, wasu kuwa biro ne kawai aka yi musu karce. Sai ya ɗaga guda biyu ya haɗa su wuri guda, ya ce: "Malam, duba nan. Abu ɗaya ne na biya sau biyu a shekara guda. Da na biyun suka zo na nuna musu wannan, suka ce ai wannan ba tasu ba ce, in biya ko su sa wa shagon kwaɗo. Ga ɗinkin biki a hannuna, ya zan yi?" Ya yi shiru kaɗan, sannan ya nuna kwatar da ke bakin shagon, wadda ta toshe da leda tun damina, ya ce: "To a cikin kuɗin nan duka, wanne ne ya dawo mini?"

Ban iya ba shi amsa ba. Ruwan da yake sha daga hannun ɗan garuwa yake saya. Wutar da yake aiki da ita daga galan take fitowa. 'Ya'yansa uku a wata ƙaramar makarantar kuɗi suke, domin ta gwamnatin da ke kusa da su aji ɗaya ya fi ƙarfin malami ɗaya. In matarsa ta je asibiti, shi zai sayi komai har safar hannu. Tsaron dare kuwa su 'yan layi ne suke karo-karo. Mutumin nan ya riga ya biya kuɗin ruwa da wuta da ilimi da lafiya da tsaro daga aljihunsa, sannan ya sake biyan hukuma don ta samar masa da su.

Saboda irinsa nake adawa da duk wani ƙarin haraji da za a cusa a kasafin kuɗin jiha a wannan hali da muke ciki, ko a Kano inda nake zaune, ko a sauran jihohinmu na Arewa. Ba na cikin masu cewa haraji haramun ne ko kuwa gwamnati za ta tafi ba tare da shi ba. Abin da nake cewa shi ne: ƙarin da ake yi a matakin jiha, yadda tsarinmu yake a yau, kusan kullum a kan mafi rauni yake sauka, kuma ana neman sa ne a lokacin da kuɗin da ke shiga hannun gwamnoni ya ninka, alhali na talaka ya zaizaye.

Ya kamata mutane su san yadda abin yake tafiya, domin ba kasafai za ka ji gwamna ya tsaya a gaban majalisa ya ce "na ƙara haraji" ba. Kasafin kuɗi ɓangare biyu ne, abin da za a kashe da inda za a samo shi. A ɓangaren samowa akwai kason da ke zuwa daga asusun tarayya, akwai bashi da tallafi, akwai kuma layin da ake kira kuɗin shiga na cikin gida. A wannan layi ake ajiye lamba, kuma kowace shekara sai ta ɗara ta bara. Da zarar majalisa ta amince, lambar ta zama wajibi a wuyan hukumar tara haraji da ma'aikatu. Kowace ma'aikata a yanka mata nata kason da za ta kawo. Shugaban ma'aikata ya matsa wa daraktoci, daraktoci su matsa wa jami'ai, jami'ai su ɗauki littafin rasiɗi su fita titi. Lambar da aka rubuta cikin sanyin ofis, a ƙarshe ita ce take zuwa bakin shagon tela da kwaɗo a hannu.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara tura jihohi wajen ƙananan mutane. Jiha ita ke karɓar harajin albashi, amma ba ita ke yanke adadinsa ba, dokar tarayya ce. Harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan kayan da ake saye, da harajin ribar kamfanoni kuwa tarayya ce ma ke karɓa. Saboda haka gwamnan da yake son ƙarin kuɗi cikin gaggawa, abin da ke hannunsa shi ne ƙananan kuɗaɗen nan: lasisi, rajista, kuɗin ƙasa, takardun mota, kuɗin rumfa, kuɗin shiga kasuwa, kuɗin makaranta, tara. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki daga Janairun 2026, sun yafe harajin albashi ga wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba. Wannan alheri ne ga ƙaramin ma'aikaci, na kuma yi murna da shi. Amma a jihohinmu da yawancin masu biyan harajin albashi ƙananan ma'aikatan gwamnati ne, giɓi zai bayyana, kuma fargabata ita ce a je a cike shi daga hannun mai shayi da mai kayan miya. Sai ya zama an sauke wa talaka kaya daga kafaɗar dama an mayar masa hagu.

Matsalar irin waɗannan kuɗaɗe ita ce ba sa duban ƙarfin mutum. Harajin albashi aƙalla yana hawa daidai da samu. Amma kuɗin da aka yanka a kan rumfa ko a kan babur ɗaya ne, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Naira dubu biyar a wurin mai sito uku a kasuwar Singa ba ta kai kuɗin katin wayarsa na mako ba. A wurin matar da ke soya awara a bakin makaranta kuwa, jarinta ne na kwana biyu. Kuma ita ce ba ta da lauya, ba ta san kowa a sama ba, ba ta da lambar wanda za ta kira ya ce a ƙyale ta.

A tuna abin da gidaje suka haɗiya daga 2023 zuwa yau. Ranar 29 ga Mayun wannan shekara aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta kai wajen dubu. A watan Yuni aka saki naira, dalar da hukuma ke sayarwa kusan naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, kuma masu masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai sun ji a jikinsu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, na abinci kuwa ya haye kashi 40 a tsakiyar shekarar. Kafin duk wannan, tun Fabrairun 2020 aka ɗaga VAT daga kashi 5 zuwa 7.5. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, Kano ta yi 71,000, amma mutum nawa ne ke karɓar albashi a cikinmu? Tela da ɗan dako da mai faci babu wanda ya yi musu ƙari. Wanda ya ga zanga-zangar tsadar rayuwa a titunan Kano a farkon Agustan 2024 ya san inda yunwa ta kai mutane. Ana kukan targaɗe, bai kamata jiha ta zo da karaya ba.

Ko wanda bai taɓa ganin jami'in haraji ido da ido ba yana biya. A ɗauki motar tumatir da ta yi lodi a Kwanar Gafan ko Kadawa za ta Legas. Tun a kasuwa an biya kuɗin lodi da na fita. A hanya, kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma da aka ratsa akwai masu jiran ta da sanda mai ƙusoshi da sitika iri-iri. Direba ba zai tsaya gardama ba, domin tumatir ba ya jiran shari'a, awa uku a rana ta isa ta lalata kwanduna. Sai ya biya ya wuce. Dillali ya cire kuɗin daga abin da zai bai wa manomi, mai sayarwa a can ya ɗora a kan mai saye. Haka motar shanu, haka ta hatsi daga Dawanau. Tun 1998 aka yi dokar da ta fayyace harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a kan titi don karɓar haraji. Sama da shekara ashirin da biyar ke nan, shingayen suna nan. Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin gyaran haraji na shugaban ƙasa, da bakinsa ya sha faɗa cewa harajin da ke rubuce a ƙasar nan sun haura 60, waɗanda ba sa rubuce kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Jihar da ba ta iya share waɗannan ba, da wane ido za ta kalli mutane ta ce tana son ƙari?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ana yin wannan magana kamar asusun jihohi ya bushe, alhali kishiyar haka ce ta faru. Kuɗin da aka daina kashewa a tallafin mai, da ribar faɗuwar naira, asusun tarayya suka shiga, daga can ake rabawa. A watannin farkon 2023, abin da matakan gwamnati uku ke rabawa a wata bai kai naira biliyan 800 ba. A 2025 akwai watannin da aka raba fiye da tiriliyan 2. Sabuwar doka ta kuma ɗaga kason jihohi a VAT daga kashi 50 zuwa 55. A nan Kano, kasafin 2024 kusan naira biliyan 437 ne, na 2025 ya kai kusan biliyan 719, na 2026 ya haye tiriliyan ɗaya. Na san darajar naira ta faɗi, siminti da ƙarfe sun yi tsada, albashi ya ƙaru. Duk da haka, wannan ƙarin kuɗi daga ina ya fito? Daga jikin mutanen nan ya fito, daga kowace litar mai da suka saya da tsada. Talaka ya riga ya yi wa jihohi ƙarin haraji mafi girma a tarihinsu ba tare da an tambaye shi ba. Abin da ya rage shi ne ya gani a ƙasa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Gwamnoninmu sun san ciwon haraji in a kansu zai faɗa. Ranar 28 ga Oktoba, 2024, gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna suka yi fatali da tsarin rabon VAT da ke cikin ƙudurorin tarayya, domin zai rage musu kaso. Suka tsaya tsayin daka har aka sauya shi. Na goyi bayansu a lokacin, har yau ina ganin sun yi daidai. Ina so ne su ji irin wannan zafi idan abin a kan mai rumfa zai faɗa.

Mu a wannan yanki maganar haraji ba sabuwa ba ce, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Daga cikin laifukan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa wa sarakunan Hausa a Kitabul Farƙ akwai jangali da kuɗin gari da kuɗin salla, wato kuɗaɗen da ake ɗora wa mutane ba bisa ƙa'idar shari'a ba. Da Turawa suka zo suka tsara harajin kai, suka bar karɓarsa a hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. Kakana ya sha ba mu labarin lokacin haraji a ƙauyensu. Ya ce da an cire amfanin gona ake fara shela. Wanda ba shi da kuɗi sai ya buɗe rumbu ya sayar da geron da iyalinsa za su ci, a lokacin da hatsi ba shi da daraja, ya dawo ya sayo shi da tsada da bazara. Wani ya sayar da akuyar matarsa. Wani a zaunar da shi a rana a ƙofar dagaci tun hantsi har la'asar, 'ya'yansa suna kallo. Samari da yawa ci-ranin farko da suka tafi, neman kuɗin haraji ne ya kore su. Abin da ya fi tsaya masa a rai, har ya tsufa yana faɗa, shi ne ranar da aka rubuta sunansa a littafin haraji yana ɗan yaro, don kawai ya yi tsawo.

Wannan ciwo ne ya raini jam'iyyar NEPU tun daga 1950, shi ne Malam Aminu Kano ya yi ta magana a kai. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. An yi ta cewa ƙananan hukumomi za su durƙushe. Amma har yau, in ka shiga ƙauye ka ambaci Rimi a gaban dattawa, abin da za su fara tunawa ke nan. Ban kawo wannan don in ce a koma 1979 ba, zamani ya sauya. Na kawo shi ne domin harajin kai da aka kora ta ƙofa yana dawowa ta taga da sababbin sunaye. Kuɗin da ake yanka wa kowa daidai, ba tare da duba samunsa ba, a karɓa da barazana, harajin kai ne ko da ta POS aka biya shi.

Masu goyon bayan ƙarin suna da hujja, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna cewa jihar da ta dogara da Abuja baiwa ce, ranar da farashin mai ya faɗi albashi zai gagara, kamar yadda aka gani a 2015 da 2016 lokacin da sai da tarayya ta ceto jihohi da bashi. Suna cewa abin kunya ne a ce Legas ta tara sama da naira biliyan 800 a 2023, Kaduna ta tara sama da biliyan 60, Kano kuwa, cibiyar kasuwancin Arewa, mai Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari da Wambai, ba ta kai biliyan 50 ba. Suna cewa makarantun da muke kuka a kansu, waɗanda har sai da aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano a 2024, ba da fatar baki za a gyara su ba. Duk gaskiya ne. Ni ma ina jin kunyar wannan lamba, ina kuma son ranar da Kano za ta riƙe kanta.

Sai dai tambayar ita ce, ina giɓin yake? Ba a wurin tela yake ba, shi ga ƙusarsa nan a cike. Giɓin yana sama. Yana wurin mai benaye a Nasarawa da titin gidan Zoo da ke karɓar haya ta miliyoyi, bai taɓa bayyana ta ga kowa ba. Yana wurin mai filaye hamsin da ya killace yana jiran su yi tsada, shekara da shekaru bai biya kuɗin ƙasa ba. Yana wurin ɗan kasuwar da tireloli ke sauke masa kaya kowane mako amma a takarda samunsa bai kai na malamin firamare ba. Yana wurin ɗan kwangila da ɗan siyasar da ba sa neman takardar shaidar biyan haraji sai lokacin cike fom ɗin takara, su biya na shekara uku a rana ɗaya, su ma abin da suka ga dama. Dokar da za a karɓa daga waɗannan tana nan, ba a buƙatar sabuwa, ba a buƙatar ƙara ko kwabo a kan adadin da ake da shi. Abin da ake buƙata shi ne ƙarfin halin tunkarar mutumin da zai iya kiran gwamna a waya. Da yake wannan ne mai wuya, sai a koma kan wanda ba shi da wayar. In ana son kwaikwayon Legas, a san cewa mafi yawan kuɗinta daga harajin albashin ma'aikatan manyan kamfanoni yake fitowa. Hanyar kai wa can ita ce a raya masana'antun da suka mutu, a samu masu albashin da za a cire wa. Matse masu ƙananan sana'o'i har su rufe yana ƙara nisanta mu da ita ne.

Sai kuma yoyo. Ko cikin abin da talaka ke biya yanzu, nawa ne ke isa baitulmali? Rasiɗin da aka rubuta da biro, wanda babu lamba babu hatimi, ina yake zuwa? Kowa a kasuwa ya san yadda ake yi: a ce maka kuɗinka dubu ashirin ne, amma in ba ka son takarda kawo bakwai. Mai shago ya ga ya tsira da sha uku, jami'i ya sa bakwai a aljihu, gwamnati ta tashi a tutar babu. Duk lokacin da aka ɗaga adadin da ke rubuce, farashin wannan sulhu ne ke tashi. Ga kuma kamfanonin da ake ba kwangilar tara haraji suna cire kasonsu tun kafin kuɗin su shiga asusu, ga wuraren karɓar kuɗi da ake raba wa yaran siyasa a matsayin sakayya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda yake ɗiban ruwa da tulu mai huda, toshe hudar zai fara yi kafin ya ce rijiya ta yi kaɗan.

Mun kuma ga yadda ƙari ke ƙarewa in an yi shi da ƙarfi. A Fabrairun 2021 masu Adaidaita Sahu suka ajiye baburansu a Kano kan naira 100 da aka ce su riƙa biya kullum. A Janairun 2022 suka sake, kan naira 8,000 ta sabunta lasisi. Duk wanda yake gari a kwanakin nan ya ga tsofaffi da mata masu goyo da 'yan makaranta suna taka sayyada daga unguwa zuwa unguwa, ya ga kasuwanni sun yi sanyi. A ƙarshe sai da aka zauna aka yi rangwame. Wasu sun yi ta cewa ai naira ɗari ba komai ba ce. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama da direban da ke biyan balas kullum, ya sayi mai, ya biya ƙungiya, ya yi gyara, sannan ya kai cefane gida daga abin da ya rage ba. Legas ɗin ma da ake misali da ita, a 2018 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta ɗaga kuɗin ƙasa da gidaje, lauyoyi da 'yan kasuwa suka yi ca, cikin makonni aka rage wa gine-ginen kasuwanci rabi, a 2020 kuma gwamnatin Sanwo-Olu ta mayar da adadin yadda yake kafin ƙarin. Zaman da aka yi bayan rigima, da an yi shi tun farko da ba a wahalar da kowa ba.

Kasafi kuma ba ta ɓangaren samu kawai ake daidaita shi ba. Mai gidan da kuɗi suka yi masa kaɗan, kashewa yake fara dubawa. A buɗe kasafin kusan kowace jiha a duba kuɗin motocin manya, da gyaran gidajen gwamnati da ake yi kowace shekara, da tafiye-tafiye, da ɗaruruwan masu ba da shawara da mataimaka na musamman, da kuɗin tsaro da ba a bin ba'asinsa. Ban ce a daina gina gada ba, amma unguwar da famfo bai kawo ruwa ba shekara goma tana da haƙƙin ta tambayi wanne ya kamata ya riga wani. Audu Baƙo ya gina Tiga da Bagauda, har yau ana noman rani da su. Mutanenmu ba sa ƙyashin bayarwa in sun ga inda abin ya tafi. Su ne ke gina masallatai da islamiyyu da karo-karo, su ne ke fitar da zakka ba tare da an biyo su da kwaɗo ba, su ne ke haɗa kuɗi su sayi taransifoma su miƙa wa kamfanin wuta.

Kirana ga 'yan majalisar dokokin jiha ne, domin a hannunsu abin yake, ko da yake sun saba miƙa shi. Idan kasafi ya zo gabanku, kada ku tsaya a kan ayyukan mazaɓu kawai. Ku buɗe shafin kuɗin shiga, ku kira shugaban hukumar haraji ku tambaye shi layi-layi: wannan ƙari daga wa zai fito? Nawa ne daga sababbin masu biya da ke da hali, nawa ne daga ɗaga kuɗin rumfa da lasisi? Duk wanda yake na biyun ku cire shi. Ku nemi a haɗe kuɗaɗen jiha da na ƙananan hukumomi su zama takarda ɗaya a shekara, a biya ta banki, a rubuta adadin da Hausa da ajami a manna a ƙofar kowace kasuwa, ta yadda wanda ya zo da wani rasiɗi daban kowa zai san ɓarawo ne. Ku yanka wani mataki na jari wanda duk wanda ke ƙasa da shi ba zai biya komai ba. Ku sa a riƙa wallafa abin da aka tara a kowace kasuwa da abin da aka kashe mata. Zaman jin ra'ayin jama'a kuma a daina yin sa a otal da katin gayyata, a kai shi Kwari da 'Yan Kaba da Kurmi, a saurari masu rumfa su da kansu.

Ranar da na bar shagon telan nan, wuta ba ta dawo ba, yaron ya kawo fetur lita biyu. Ya tattara takardunsa ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su jikin ƙusa, ya daidaita su da hannu, domin ya ce in ɗaya ta ɓata za a sake karɓa. Na tambaye shi ko zai je in an kira zaman jin ra'ayi. Ya ce zai rufe shagon ya je, da ƙusar gaba ɗaya.